Abin da Ke Shan Batirin Noelene

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Merv Tonkin ya isa gonar tumakin Noelene Brandt, bayan tafiyar awa biyu a jar hanya. Shekara talatin da huɗu yana gyaran wayoyin lantarkin mota, gwiwoyinsa har sun riga shi yin ritaya. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Noelene ta nuna masa a-kori-kurar da ta saya a gwanjo. Ta ce batir biyu ta canza, amma kullum motar ta kwana sai ta wayi gari ba ɗigon wuta. Mijinta Col kuwa sau uku a mako take kai shi wankin ƙoda a gari, kilomita ɗari biyu. Na Litinin ya wuce shi, ƙafafunsa sun kumbura.

"In ba ta tashi gobe ba, Merv, ban san yadda zan yi da tsohon nan ba."

"Je ki huta. Ɓarawon wuta ba ya wuce fiyus."

Ya yi wa batirin caji, ya cire wayar baƙin kan batirin, ya haɗa mitarsa ta awon wuta a tsakani. Ya rufe ƙofofi ya jira motar ta yi barci, don sai komai ya mutu ake kama mai sata. Mita ta nuna ana jan wuta, ba kaɗan ba.

Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Na fitilu, na ham, na fanka. Ya zare duka, mita ko gezau.

Sai ya yi tsaki. A wannan daji mutane kan ja wayar rediyon oba-oba kai tsaye daga batir, don ko ba makulli mutum ya iya neman agaji. Ya bi bayan injin da yatsa, ya kuwa taɓo ta, tsohuwar waya mai naɗin salatif.

Ya buɗe ƙofar direba. Zafi ya buge shi kamar na tsakar rana, alhali gari ya fara sanyi. Warin tsohon gumi, da ƙurar da ba ta gonar nan ba.

Ƙarƙashin sitiyari jar fitilar rediyon tana ci. Ba ta ci sai an danna maɓallin magana.

Abin maganar na rataye. Maɓallinsa a danne yake.

Tumaki sun yi tsit.

Daga kujerar da ba kowa, murya ta fito a bushe, da ƙyar.

"Akwai mai ji na? Kwana huɗu. Ruwa ya ƙare."

Merv ya sandare. Ya tuna wani mai gyaran shinge da mota ta maƙale masa a yashi shekarun baya. An ce a kujera aka same shi, abin maganar a hannu, batir ya mutu, daga baya aka kai motar gwanjo.

"Akwai mai ji na?"

A ƙasar nan ba a ƙyale mai kira. Merv bai taɓa yi ba. Ya dubi tagar gidan, inda inuwar Noelene ke gyara wa Col matashi. Ya zaro filaya.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "Mai rai ke buƙatar wutar nan."

Wani hannu ya damƙe wuyan hannunsa. Busasshe, mai zafi.

Harshensa ya manne a ganda. Numfashi ya ƙi.

Ya matse filayar a kan wayar rediyon da duk ƙarfinsa.

Ƙas.

Jar fitilar ta mutu. Ya faɗo ta baya kan tsakuwa yana haki. Mita ta sauka.

Bai gaya wa Noelene komai ba, ya ce tsohuwar waya ce. Ya roƙi ruwa, ya shanye jug biyu a tsaye tana kallonsa.

Da safe mota ta tashi bugu ɗaya, Col ya samu wankinsa, kuma bai ƙara rasa ko ɗaya ba.

Merv dai ya daina zuwa aikin daji. Kullum in rana ta kusa faɗuwa maƙogwaronsa kan bushe, ko tulu ya sha. Yanzu yakan ajiye gorar ruwa sabuwa a kujerar motarsa kafin ya shiga gida. Da safe yakan same ta ba ko ɗigo, murfin kuwa ba a taɓa buɗe shi ba.