Zanen Goyon Mma Zuleha

Neman tsohuwar wayar tagulla ne ya kai Rahamatu unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ba neman miji ba. Cusa ta take yi cikin manyan saƙe-saƙenta da ake ratayawa a bango a wuraren baje kolin Accra. Rana ta gama dafa ta lokacin da ta tsaya a shagon Abdul-Kudus mai gyaran wayarin mota.

"Me za ki yi da wannan tarkacen?" ya tambaye ta.

"Saƙawa zan yi."

Ya yi ta dariya har ya gane da gaske take. Ya cika mata leda, ya roƙi lambarta.

Tun daga ranar, kullum sai saƙo ya shigo: "Masaƙiyata, kin ci abinci kuwa, ko yau ma zare kika ci?"

Ita kuma ta amsa: "Bayana kamar an daka, Kudus ɗina. Amma na ga saƙonka, da sauƙi."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa, Mma Zuleha, ta ce sam. "Macen da ke zama a masaƙar maza ba ta haihuwa, kowa a Kumasi ya sani. Ko ta bar saƙa ko ka bar ta. Ga Kausara 'yar ƙanwata nan."

Tun tana 'yar shekara goma sha biyu Rahamatu ke shan wannan magana, har kunnenta ya ƙoshi. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne saƙon Abdul-Kudus: "Ki ɗan ajiye ta, ko shekara ɗaya ce."

Ta rubuta masa: "Har da kai? Wallahi na gaji. Ina son ka, amma ba zan yanke hannuna ba."

Mako uku shiru. Sai ga aiken Mma Zuleha, wai tana son ganin Rahamatu.

Ta same ta a tsakar gida da wani tsohon zanen goyo a cinya. "Duba nan, 'yata. Kakanki Malam Sumana ya saƙa shi, da shi na goyi 'ya'yana bakwai. Wannan ita ce saƙar namiji. Ki bar wa maza aikinsu."

Rahamatu ba ta da sauran ƙarfin gardama. Ta dai juya bakin zanen kamar yadda ta saba, sai ga jan zare layi uku a ɓoye. Idonta ya ciko.

"Mma, Kaka Sumana ya riga ya makance kafin a saƙa wannan. Matarsa, Kaka Nuriyya, ke rufe ƙofa ta hau masaƙar, a kai kasuwar Kejetia da sunansa. Wannan jan zaren alamarta ce. Ita ta koya mini."

"Nuriyya?" Mma Zuleha ta dafe ƙirji. "Nuriyya mai 'ya'ya goma sha ɗaya?"

Da yamma saƙon Abdul-Kudus ya shigo: "Na yi kuskure, Masaƙiyata. Ki yafe mini." Sai da ta bar shi kwana biyu yana zufa, sannan ta amsa.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Ranar da aka kai amarya, Mma Zuleha ta ɗora mata zanen a cinya.

"Gefensa ya yage. Ki gyara shi da hannunki kafin mu buƙace shi. Allah Ya yi muku albarka."

Rahamatu ta ce amin, ta kifa fuskarta a kan zanen kakarta.