Katin Jan Biro

Ruwan sama ne ya koro ta ciki, ba son zane ba. Ta taso daga shagon tabarau inda take gwada wa mutane ido, sai ta faɗa ɗan ɗakin baje zane da ke kusurwar layinsu.

Wata tsohuwar likitar ƙwaƙwalwa ce ta buɗe wurin bayan ta yi ritaya. Ƙa'idarta ɗaya ce. Ka zauna a doguwar kujerar da ke tsakiya, ka kalli zane, duk abin da ya fara faɗo maka a rai ka rubuta a kati, ba suna, a liƙa shi a bango.

Zane tara ne a rataye, kuma duk ƙofofi ne.

"Shi wannan kafinta ya so zama aka hana shi?" ta tambayi saurayin da ke raba kati.

"Zan gaya masa," ya ce yana murmushi. "Kai, ya ma ji."

Wayyo! Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe shi ne mai zanen.

Kafin wata ya ƙare ta sa masa suna Mai Ƙofa, shi kuma yana ce mata Idona. Kullum da azahar sai wayarta ta yi ƙara.

"Idona, na kasa gane shuɗi da kore yau. Ina ganin sai an sake gwada ni."

"Mai Ƙofa, sau huɗu ke nan a sati ɗaya. Idonka lafiya lau, rigima ce kawai."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk Alhamis da yamma wayarsa a kashe take. Ta yi kawaici har ta gaji, ranar nan ta tare shi a bakin ɗakin zanen.

"Wace ce 'yar Alhamis?"

Ya ja ta gaban zane na tara, wata farar ƙofa a ɗan buɗe.

"Wurin wata likitar ƙwaƙwalwa nake zuwa, mu yi magana. Wannan ƙofar ɗakin asibitin da mahaifiyata ta rasu ce. Kwana uku ina tsaye a bakinta, na kasa shiga. Da na shiga, an riga an rufe mata fuska. Shekara biyu ban iya aikin komai ba, sai da likita ta ce in zana abin da na kasa faɗa."

Hawaye ya cika mata ido. Ita ma ta rasa mahaifiyarta, shekara bakwai ke nan. A ranar ta tabbata ba ta da miji sai shi.

To, amma Abbanta fa? Tsohon hedimasta ne, har yau jan biro ba ya barin aljihunsa, ko takardar cefane sai ya gyara mata kuskure. Mai Ƙofa ya je gaishe shi, kuma bai ɓoye komai ba, har zancen Alhamis.

"Likitan ƙwaƙwalwa?" Abba ya ce bayan ya tafi. "Ke kaɗai gare ni. In ɗauke ki in ba wanda ake duba masa kai? Ga ɗan abokina injiniya nan, sau biyu ana turo min."

"Abba, ba hauka ba ne. Baƙin ciki ne."

"Wa bai yi rashi ba? Ni ban yi ba? Namiji haɗiyewa yake."

 Ta kalli ɗakin Ummanta da ke ƙarshen baranda, wanda yake a kulle tun ranar rasuwar, makullin yana cikin aljihun Abba tare da biron.

Ta tura wa Mai Ƙofa saƙo. "Ya ƙi. Kuma ba zan iya saɓa masa ba."

"Kada ki saɓa masa, Idona. Ina nan. Na iya tsayuwa a bakin ƙofa, kin sani."

Ranar Alhamis Abba ya sa babbar riga ya tafi ɗakin zanen, da niyyar ja wa yaron kunne ya fita harkar 'yarsa. Ya manta ranar ce yaron yake zuwa wurin likitarsa. Tsohuwar likita ya tarar, ta nuna masa kujera ta ce ya jira, ta ajiye kati a gefensa, ta koma ciki abinta.

Washegari mai gwajin ido ta leƙa wurin, zuciyarta ba daɗi. Tana bin katunan bango da ido sai ta tsaya cak. A cikin baƙaƙe da shuɗɗan rubutu, ga guda ɗaya ja, da irin rubutun nan a tsaye da ta sani tun tana aji ɗaya.

"Ni ma ina da irinta a gida. Shekara bakwai ban buɗe ba. Shi ya fi ni ƙarfin hali."

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta yi gida da gudu.

Ɗakin Umma a buɗe yake, an ɗage labule. Abba na zaune a bakin gado, ya riƙe carbin Umma, idanunsa sun yi ja.

"Shigo, uwata," ya ce. "Ƙamshinta na nan har yanzu."

Ta durƙusa ta ɗora kai a gwiwarsa, suka yi kukan da suka daɗe suna ɓoye wa juna. Da ya lafa sai ya goge fuska da hannun riga.

"Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa. Kuma ki tambayar min shi, ita likitar tasa tana karɓar tsofaffi?"

Bayan wata uku aka ɗaura aure. A ɗakin Umma aka shirya amarya, Abba da kansa ya riƙo hannunta ya fito da ita ta wannan ƙofar, ya damƙa ta a hannun ango.

"Ga ta nan, ɗana. Duk abin da ya dame ku, ku faɗa wa juna, kada ku haɗiye irin nawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya ce amin. Ita kuwa ƙofar, tun daga ranar ba a sake kulle ta ba.