Sunan da Inna Ta Kasa Kira

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Ɗanliti, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu. Bintalo, bar murmushin nan. Wannan ba tatsuniya ba ce. Uwata aka yi wa, gwaggonku Yalwa.

Ku da ba ku taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, ban san ta inda zan kwatanta muku Tudun Kwakwa ba. Sunansa na can yana karya harshe, mu Hausawan Zango ne muka raɗa masa wannan. Gari ne a bakin teku, can kudu. Da sassafe kwale-kwale ke dawowa, mata su tare su da daro suna ciniki kamar za a yi dambe. Hayaƙin banda ba ya yankewa, har rigar sallarka ƙamshin kifi take yi. Yaro bai san yunwa ba a garin nan. Ka taya masunta jan taru, su cika maka kwano. Ina son garin nan, wallahi. Har yau in na wuce masu banda a kasuwa sai na tsaya in shaƙi hayaƙin.

Mu biyu ne wurin Inna, ni Isiyaku da yayata Ramlatu, 'yar fari. Kun san kunyar ɗan fari. A nan gida, da an yaye ta kaka za ta ɗauke ta, a huta. A can babu kaka, babu kowa. Inna ta riƙe ta da kanta shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke." "Waccan." "Isiyaku, ce wa yarinyar nan ta kwashe tuwo." Matan garin da ba Hausawa ba har tambayar Ramlatu suke ko 'yar riƙo ce. Sai ta yi dariya. Amma wata rana muna wanke kifi ta ce da ni, "Sau ɗaya dai, Isiyaku. In ji yadda yake fita a bakinta."

Ranar wata Talata rediyo ta ce guguwa tana tafe daga teku. Mun saba da iska, babu wanda ya ɗaga kai. Baba ma yana hanyar arewa da kwandunan kifi. Da la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka ɓace. Inna ta tuna da kifin da ta bari a kan banda a bakin ruwa.

"Ke, je ki kwaso."

Ramlatu ta ɗaura shuɗin ɗankwalinta, ta ɗauki daro ta fita.

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya duka ba. Na ga rufin masallaci ya tashi sama. Na ga kwale-kwale a kan bishiya. Da gari ya waye, babu garin. Itatuwan kwakwa duk sun kwanta fuska ɗaya kamar masu sujada. Layinmu, kasuwa, wurin banda, duk laka ce da kwanon rufi.

Aka tara waɗanda suka tsira a wata makaranta a kan tudu. Kwana uku ana tono gawa ana binnewa. Ramlatu ba ta cikin rayayyu, ba ta cikin matattu. Kuma ku ji, ko a nan Inna ba ta iya tambayar kowa da bakinta ba. Ni take aikawa. "Je ka duba ko an ga waccan."

Rana ta huɗu, da tsakar rana, mutane sun gaji sun kwanta, Inna ta zame ta gangara bakin teku. Ita kaɗai. Abin da zan faɗa yanzu daga bakinta na ji shi.

Babu iska. Babu ƙuda, duk da warin da ke wurin. Sai ga wata mata zaune a kan kifaffen kwale-kwale tana ɗinkin taru. Zanenta a bushe. Yashin da ke kewaye da ita jiƙaƙƙe ne, amma babu sawu ko ɗaya. Ƙafafunta sun nutse har idon sawu, ƙananan ƙaguwa suna shiga suna fita a wurin.

Inna ta yi sallama. Ba a amsa ba.

"Yalwa," in ji matar. "Kin makara."

Muryar kakarmu ce, uwar Inna. Wadda ta rasu a nan ƙauyen shekara goma kafin ranar.

"Wa kike nema?"

"Yarinyata."

"Yara gare ni da yawa yanzu. Wacce?"

"Babbar."

Matar ta yi nuni da allurarta. Teku ya ja da baya a hankali. Ga mutane tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, duk sun ba da baya. Inna ta gane ladaninmu. Ta gane mai shayin bakin kasuwa. Can gefe ga wata da daro a ka, da shuɗin ɗankwali.

"Wannan ba ta gama zama tawa ba," in ji matar. "Kira ta da sunanta. Kafin igiyar ruwa ta uku ta taɓa kwale-kwalen nan. Ki tafi da abarki."

Na ji ka, Ɗanliti. Ai sai ta kira, ko? A bakinka da sauƙi. Sunan yana kan harshenta. Amma shekara goma sha bakwai tana haɗiye shi, ga kuma muryar uwarta a gefen kunnenta. Da gangan la'ananniyar ta aro muryar nan.

Igiyar farko ta taho. Inna ta buɗe baki.

"Au, Yalwa," in ji matar a hankali, ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba. "A gabana? Haka na rene ki?"

Bakin ya rufe. Ruwa ya taɓa katako ya koma.

Ta biyu ta taho. Inna ta dafe ƙirji ta ƙwala kira.

"Ke! Ke, zo nan!"

Ramlatu ta juyo. Ta ji. Ta san muryar. Inna ta ce ta ga idonta sarai, ba kuka take ba, jira kawai take yi. Ta ɗan karkata kai. Ƙafarta ɗaya ma ta ɗaga kamar za ta tako.

Inna ta miƙa hannu biyu. "Zo mana. Ai kin san da ke nake."

Ta uku ba ta yi ƙara ba. Ta zo ta lashi kwale-kwalen.

Ramlatu ta mayar da fuskarta ga teku.

A lokacin ne sunan ya fito. Inna ta kira shi har maƙogwaronta ya dushe, ta shiga ruwa zuwa gwiwa tana kira. Teku ya dawo ya rufe su duka, har daron.

"Ba ta ji ba," in ji matar. "Kunnenta ya riga ya cika da ruwa." Ta yanke zaren da haƙori. "Amma ba na sallamar baƙo hannu rabbana. Zo."

Inna ta ce ƙafafunta ne suka kai ta, ba ita ba. Matar ta tsoma yatsa a ruwan gishiri ta ɗora mata a harshe. Yatsan sanyi ƙalau.

"Tunda kin iya shi yanzu, na bar miki."

Da la'asar na same ta zaune a yashi. Babu mata, babu taru. Na taɓa kafaɗarta. Ta ɗago ta dube ni, ni ɗanta, ta ce, "Ramlatu."

Da Baba ya iso, shi ma Ramlatu. Liman, Ramlatu. Magana tana yi daidai, tana sallah, tana gane kowa. Suna ne dai babu wani a bakinta sai wannan. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an kai ta asibiti. Kuna dariya in ta kira ku da shi, kuna cewa rikicin tsufa ne. Shekararta talatin da shida aka yi mata haka. Ni shekara ashirin ke nan ban ji sunana a bakin uwata ba, kuma ina jin zafin abin, ba zan ɓoye muku ba.

An ce an sake gina garin. Ban je ba, ba kuma zan je ba. In neman abinci ya taɓa kai ɗayanku bakin teku, kada ya kuskura ya gangara shi kaɗai da tsakar rana. In ya ji muryar wanda ya sani, ya toshe kunne ya juya.

Ku yi shiru. Kun ji? Inna ta farka, tana kira.

Bintalo, tashi ki je ki amsa mata. Kada ki ce mata ba ke ba ce.