Kujerar da Na Ba Aljani

Tabarau na koma ɗaukowa. Iyakar laifina ke nan. Ban je sata ba, ban je neman kowa da faɗa ba. Ana gab da magariba, ina tsaye a tashar bas ta bakin makaranta, na laluba aljihu na ji wayam. Nan na tuna na baro shi a cikin teburina, a babban ɗakin lacca. Gobe kuma gwaji, irin wanda malamin ya rantse duk wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Ni kuwa in babu tabarau, rubutu tururuwa yake zame mini, yana ta yawo a kan takarda.

Kada ku ji tabarau ku ɗauka tsoho ne ke magana. Magidanci ne dai, wanda aka ce masa a wurin aiki ko ya kawo digiri, ko ya ci gaba da rusuna wa yaran da ya koya wa aikin. Hutun karatun da suka ba ni ba shi da ƙari. In na maimaita shekara, ofis zan koma hannu rabbana. Haka na shigo cikin 'ya'yan cikina, su kuma don rashin kunya suka laƙaba mini Kawu. Kawun wa? Mutum da gemu baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar an goge takalmi! Ɗan kwalin rinin da nake saye duk ƙarshen mako kuwa, wannan tsakanina da mai kanti ne.

Ranar tun da asuba take tsokanata. Na kai yara makaranta, bas ya mace mana a hanya, na shiga laccar farko ina ɗigar gumi. Na fito na bi layin fotokwafi, ina kaiwa gaba injin ya ce ya gaji. Na haura laburare, littafin da nake nema wani mara tsoron Allah ya yage babin da za a yi gwaji a kai. Aikin rukuni kuwa ni kaɗai na je, sauran kowa ya turo saƙo wai yana hanya. Har yau suna hanya. Burodi na ci a tsaye, na kora da ruwa mai ɗumi. A laccar ƙarshe malamin, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, ya dube ni ya ce, "Kawu, ko za a taimaka mana da amsa?" Na zare tabarau na cusa cikin tebur, don ba na yarda a gan ni da shi a tsaye. Amsar ba ta zo ba. Dariya ce ta zo. Na fita a fusace, na bar idanuna a baya.

Sai na yi muku bayanin kujerar, in ba haka ba za ku zalunce ni kamar yadda kowa ya yi. Ɗakin nan ɗaruruwan mutane yake ɗauka, amma fanka ɗaya ce mai rai, soket ɗaya ne mai kawo wuta, kuma duk suna ƙarshen layin gaba, jikin taga. Yaran nan tun da duhu suke zuwa su ajiye littafi su kama wurin. Ni mai iyali ina zan iya wannan tseren? Sai na yi aiki da kai. Na ja shugabar ajinmu gefe, wadda muke kira Monita, yarinyar da magana ba ta kwana a cikinta, na rage murya.

"'Yata, ki rufa mini asiri, kada ki faɗa wa kowa. Kujerar can tana da mai ita."

Na ce in ya zo, warin jiƙaƙƙiyar toka ake fara ji. Na ce yana karta ƙasan tebur da farce. Na ce fankar nan juya masa take ko babu wuta. Na ce ba shi da fuska.

Ta zaro ido. "To Kawu, me yake yi wa wanda ya kama?"

Ban tanadi wannan ba. Sai na girgiza kai kawai na ce, "Wannan ba a faɗa."

"Kai fa da kake son zama a wurin?"

"Ni dafaffe ne, yarinya."

Kafin mako ya zagayo, ko jaka ba mai ajiyewa a kujerar. Na riƙa zuwa a makare, in zauna ƙarƙashin fanka, in jona wayata, in miƙe ƙafa. Wasu za su ce ƙarya na yi. Ni dabara na sani.

To, na juya daga tasha na kama hanyar ɗakin laccar ina ta masifa ni kaɗai. Harabar ta watse. Sai ledoji da iska ke ja a kan siminti. Bencin mai gadi babu kowa, butarsa ma ba ta nan, ƙofa kuma a sakaye take ba a kulle ba. An ɗauke wuta tun azahar, wayata ta mutu, ko fitila ba ni da ita.

Na tura ƙofar. Ta yi ƙara irin ta wanda aka tasa daga barci.

Ciki ya fi waje duhu. Kujeru jere, layi bayan layi, suna gangarawa zuwa allo. Ɗan jan hasken yamma ya rage a tagogi. Warin ɗakin na kullum ne: ƙura, gumi, ɓawon lemo. Na fara sauka, takalmina na amsa kuwwa.

A tsakiyar matakala warin ya sauya.

Toka. Jiƙaƙƙiya.

Na tsaya na ja tsaki. Wani ne ke ƙona shara a baya, in ji ni. Na ƙara taku.

Ƙurrr.

Na tsaya. Shi ma ya tsaya.

Ɓera ne, in ji ni. Amma ɓera ba ya jan farce a hankali haka, tun daga wannan ƙarshen katako har wancan.

Sai iska ta taɓa mini goshi. Na ɗaga kai. Duk fankokin ɗakin a sandare suke. Ɗaya ce ke juyawa, sannu a hankali, tana ɗan kuka.

Mai hankali da ya juya. Amma na tuna ofis, na tuna yaron da zan koma ina ce wa ranka ya daɗe. Na daure na ƙarasa layin gaba.

Akwai mutum a kujerata.

Zaune yake, ya miƙe ƙafa yadda nake miƙewa. Duhu ne kawai mai kafaɗu. A inda ya kamata fuska ta kasance, gilasai biyu ne ke ƙyalli.

Tabarauna. Babu komai a bayansu.

"Kawu," in ji shi. "Ka makara."

Raɗa ce. Kuma na san muryar. Ita ce wadda na yi wa Monita magana da ita.

"Wa... wane ne?"

"Mai wurin."

"Wurin ba shi da mai shi."

"Kai ka ce yana da shi. Na daɗe ina gararamba, ba inda zan zauna. Na ji ana ta ambato. Na zo."

Wallahi sai haushi ya taso mini. Yini guda ana wulaƙanta ni, yanzu kuma har da wanda na ƙaga da bakina?

"Malam," na ce, "ni fa na ƙirƙire ka."

"Na gode. Amma ba ka ƙarasa ba."

Na kai hannu zan fizge tabarau. Ya riga ni. Wani abu ya zagaye wuyan hannuna, sanyi kamar ƙarfen famfo da asuba. Farce ya kwanta daidai kan jijiya.

"Me nake yi wa wanda na kama?"

Na nemi addu'a. Duk wadda na kamo sai ta tsinke a tsakiya.

"Faɗa mini. Kullum ina zaune ina jira in sani."

Zuciya ba ta da linzami. Ban yi niyya ba, na tuna shaƙewa. Nan take yatsu masu sanyi suka sauka a maƙogwarona.

Na kori tunanin. Na tuna makanta. Jan hasken taga ya fara dusashewa.

Na kori wannan ma. Sai autata ta faɗo mini a rai, yadda na sauke ta da safe tana ɗaga mini hannu.

Daga cikin teburin na ji dariyarta. Ƙarama. Can ƙasa.

Na ciji harshe har na ji gishirin jini.

"Hula," na ce da sauri. "Hula kake karɓa."

"A'a."

"Takalmi."

"Abin da ba a faɗa, ka ce." Farcen ya ƙara nutsewa. "Sai mai ciwo."

Dariyar ta sake fitowa, ta matso kusa.

A nan ne kan da Allah ya ba ni ya yi aiki. Na marairaice murya, na yi kamar zan fashe da kuka.

"Baƙin gemu kake ɗauka. Shi kaɗai. Don Allah kada ka taɓa mini shi."

Fanka ta tsaya.

Dariyar ta ɗauke.

Hannun ya bar maƙogwarona ya hau haɓata. Ya shafa, a hankali, yadda nake shafawa gaban madubi. Ya damƙa. Ya matse kamar mai matse wanki. Sanyi ya ratsa mini haƙora.

Ƙwas. Tabarau ya faɗo kan tebur. Na wawure shi.

Daga nesa aka ɗaga kiran salla.

Ban san yadda na haye matakalar nan ba. Na san dai na faɗi, na tashi, na bar takalmi ɗaya, ban koma masa ba. Ban waiwaya ba sai da na ga fitilun titi.

A cikin bas, da numfashina ya dawo, har dariya na yi. Na damfari aljani! Na biya shi da rinin kanti, abin da zan sake saye gobe. Na lura wani saurayi ya tashi ya ba ni wurin zama, amma na ɗauka ƙafata marar takalmi ya tausaya wa.

Na ƙwanƙwasa gida. Matata ta buɗe, ta dube ni, ta gyara mayafi ta ɗan rusuna.

"Sannu Baba. Maigidan bai dawo ba tukuna."

Na ture ta na wuce ɗakin auta. Tana barci, babban yatsa a baki. Sannan na je madubi.

Gemuna fari fat. Kamar auduga.

Na juye kwalin rini guda a daren, ya zube kamar an watsa ruwa a kan leda. Na sauya kanti, na sauya iri. Na aske, ya fito ya fi na da haske.

Gwajin dai na rubuta shi, a layin baya, da tabarau a hanci kowa na gani, don me ya rage in ɓoye? Na ci, da ƙyar, kuma har yanzu ina ganin malamin ya danne mini maki. Ba zan maimaita shekara ba. Amma yanzu ba mai ce mini Kawu. Kaka suke cewa.

Duk wanda ya tambaye ni labarin kujerar, ƙarasa masa nake yi har ƙarshe, da babbar murya, ba na barin ko ƙofa ɗaya a buɗe. Baƙin gemu yake ɗauka, shi kaɗai, ba ya taɓa komai. Na faɗa wa Monita haka, na sa ta maimaita.

Ta kalle ni, sannan ta shafa haɓarta, wadda ko gashi ɗaya babu.

Washegari na shigo na tarar da ita a kujerata, ƙarƙashin fankata, wayarta a jone a soket ɗina. Yanzu ita da ƙawayenta ke karɓa-karɓa a wurin.

Rannan ta tare ni a bakin ƙofa. "Kaka, jiya na yi yamma a nan. Da zan fita na waiwaya, na ga wani zaune a wurin yana taje gemu."

Na tambayi abin da ke cina.

"Ya yi masa kyau?"

"Kai, sosai. Baƙi ƙirin, har sheƙi yake."

Ɓarawon banza. Ko sau ɗaya bai taɓa sayen rini ba.