Golmon Mai Raket

Ƙwallon ne ya fara gaishe ta kafin mai shi ya iso. Saloma tana wucewa ta bayan katangar bariki a Zuru, ɗauke da kwanon tumatir da ta sayo wa mamarta, sai ga ɗan ƙwallo mai ruwan ɗorawa ya tsallako ya faɗa tsakiyar kwanon. Kafin ta gama tsaki, wani dogon saurayi ya dirgo ta kan katanga, gumi sharkaf, raket ɗin buga tanis a hannu, yana ta zuba haƙuri.

Ta ce ƙwallo kam ba zai gan shi ba sai ya tsince tumatir ɗin da suka watse. Ya tsuguna ya shiga tsinta ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar ba ya son su ƙare. Gaskiyar magana, ba ya so.

Sunansa Japhet, ɗan wani kofur mai ritaya. Iyayensa 'yan Dabai ne kamar nata, amma shi daga wannan bariki zuwa wancan ya tashi. Yana shekara takwas ya fara tsince wa hafsoshi ƙwallo a filin tanis, ya sassaƙa katako ya mai da shi raket, ya addabi bangon gidansu da duka har maƙwabta suka kai ƙara. Wani manjo ya tausaya wa bangon, ya ba shi tsohon raket. A sha shida ya ci kofin matasa a Kaduna, yanzu kuma a ashirin da uku tanis ta zama sana'arsa, har ana sa ran wata rana a kai shi gasa a Ghana.

Daga wannan ranar, wayar Saloma ba ta sake hutawa da saƙonninsu ba.

"Tumatirina, na ci wasan yau. Koci Muntaka ya ce hannuna ya ƙara nauyi. Bai san zuciyata ce ta yi sauƙi ba."

"Ɗan tsallake, ka ci abinci dai? Daɗin baki ba ya cika ciki. Ina alfahari da kai."

Shekara guda suna haka, sannan manyansa suka je Dabai gaban mahaifinta, Baba Dodo. Tsohon ya saurare su tsaf, ya ce bai ƙi yaron ba, amma shi bai san wata gona da ake nomawa da gajeren wando fari ba. In da gaske yake, ya yi golmo, wato noman da saurayi kan yi a gonar surukinsa tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata. Shi shekara bakwai ya yi kafin a ba shi Mama Adama. Saboda zamani ya rage wa Japhet zuwa damina ɗaya, kuma ko ƙwayar dawa ba zai ƙara ragewa ba.

Abin da ya tayar wa Saloma hankali shi ne Abel, ɗan aminin babanta, wanda shi ma yake son aurenta. Ba wanda ya gayyace shi, amma sau biyu yana kawo samari ashirin su share gonar kafin rana ta take. Baba Dodo kan kalli aikinsu ya kalle ta, ita kuma ta kalli ƙasa.

Ruwan shuka ya sauka Japhet yana Abuja a tsakiyar gasa. Da yake ɗan bariki ne, sai ya ɗauka golmo aiki ne kawai da ake so a gama. Ya buga waya Zuru ya ɗauki hayar tarakta, ya aika ta gonar surukin nasa ba tare da ya shawarci kowa ba, wai zai ba su mamaki.

Ya kuwa ba su. Gonar a gefen dutse take, hawa-hawa, kowane hawa da jeren duwatsun da kakan Saloma ya tsara da hannunsa don tare ƙasa. Direban ya ga duwatsu sun tare masa hanya, ya ture jere uku. Garin neman gira an rasa ido.

Baba Dodo bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata gidan ke nan. Ya tsaya kan ɓaraguzan ya daɗe, sannan ya juyo ga Saloma.

"Ki hwaɗa mishi, tarakta ta yi golmo. In tana son ɗiyata, ta aiko manyanta."

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Japhet, me ka yi? Golmo gumi ne, ba aika ba. Ka rushe aikin kakana. Baba ya ce ranar Lahadi zai amsa wa su Abel. Ni dai kai nake so, amma ba zan iya fita gidanmu ba da albarka ba."

Saƙon ya shiga, an karanta, ba amsa. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Saloma ta yi kuka har Mama Adama ta gaji da rarrashi. Ta yanke a ranta cewa ya zaɓi raket, kuma ta kasa ganin laifinsa, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

Ranar Alhamis da sassafe wata bas ta tsaya a ƙofar gidansu. Japhet ya sauko, bayansa samari bakwai da takalman wasa, kowa riƙe da sabuwar fartanya kamar wanda aka ba ajiyar jariri. Abokan wasansa ne, daga Legas da Jos da Inugu. Kunya ce ta hana shi amsa saƙon. Babansa ya wanke shi tas ta waya, ya gaya masa ba a golmo sai da sa'o'i, shi kuwa sa'o'in da yake da su a duniya ke nan.

Ya durƙusa gaban Baba Dodo ya ce, "Baba, rashin sani ne. Ku ba ni izini in gyara da hannuna."

Tsohon ya nuna masa hanyar gona da haɓa.

Dabai ta sha kallo. Mutanen da suka saba a tafa musu, sai ga tsofaffin mata suna koya musu yadda ake ɗora dutse kan dutse. Abel ma ya zo yin dariya, ya yi ta har ta ishe shi, daga baya ya kasa jure ganin ɓarnar da ake wa fartanya, ya karɓi ta ɗan Legas ya nuna masa riƙo.

A rana ta uku Saloma ta kawo musu kunu, ta ga tafin hannun daman Japhet ya ɗure ruwa ya fashe, ya naɗe shi da tsumma. Saura kwana goma sha biyu gasar Ghana, kuma kocinsa ya rantse in ya taɓa fartanya zai cire sunansa.

"Masoyi, ka bari haka," ta ce a hankali. "Wannan hannun shi ne abincinka."

"Kofi ana sake buga shi baɗi. Ke fa?"

Ashe Baba Dodo yana bayansu. Ya kama hannun, ya warware tsumman, ya duba ciwon, ya shafa tsohuwar kantar da raket ya yi shekara da shekaru yana ginawa. Sai ya zare fartanyar daga ɗaya hannun.

"Wanga hannu ya san aiki tun kahin ya zo nan. Ka tai ka noma taka gonar. Ka dawo mu yi girbi."

Saloma ta zauna daɓas kan dutsen da aka gama jerawa, tana dariya hawaye na zuba. Rabonta da numfashi mai daɗi irin wannan tun ranar Litinin.

Koci Muntaka ya yi faɗansa ya huce. Japhet ya je Ghana da bandeji, ya kai wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da shi, amma ya dawo girbi yana washe baki kamar shi ya ɗauko kofin.

Aka ɗaura auren a cocin Dabai cikin Disamba, matan zumunta suna ta kiɗa. Da fasto ya tambayi wa ke ba da amarya, Baba Dodo ya miƙe, ya ɗora hannunta a na Japhet, ya riƙe su duka biyun ya ƙi saki.

"Tun da nike ban ga manomi marar iyawa irin wanga yaro ba," ya ce. "Amma ya ɓata ya dawo ya gyara. Irin shi nika so ma ɗiyata. Allah shi yi muku albarka."

Coci ta amsa da amin, guɗa ta tashi, sai a lokacin tsohon ya saki hannunsu.