Zanen da Bai Sha Gumi Ba

Ana dab da kiran sallar magariba keken ɗinkin Hamida ya fara tafiya shi kaɗai. Tana tsakar gida a lokacin, tana tsince shinkafa a faifai. Da farko ta ɗauka 'yarta Mubina ce ke wasa da shi, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai ta hango yarinyar a bakin rijiya da buta a hannu, ita ma ta juya tana kallon ƙofar ɗakin kaya.

Keken ya yi ta tafiya a hankali, irin takun wadda ba ta saba da shi ba, sannan ya tsaya. Ladan ya ɗaga murya. 

Ɗakin kayan shi ne na ƙarshe a gidansu na Gwadangaji, kuma asalinsa na baƙi ne. Sana'ar Hamida ɗinka abin rufa da zanen gado daga ƙyallaye. Telolin Birnin Kebbi sun santa, suna tara mata ragowar atamfa da shadda a buhu. Ita kuma ba ta iya yar da ko mai faɗin tafin hannu, kuma in ta ga turmi mai kyau a kasuwa sai ta saya ta ajiye. Abin da take ɗinkawa bai kai rabin abin da ke shigowa ba. A hankali buhuna suka rufe taga, suka haye gado, suka bar wata siririyar hanya zuwa keke. Mijinta Zulkifli yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranar da wuta tak kama ɗakin ga, har Argungu za a hangi hayaƙi."

Daga Argungun kuwa aka ƙaro mata. Goggonta Laure ta rasu ba ɗa ba jika, ta bar adakoki cike da zannuwan da ba a taɓa sa musu almakashi ba, tsofaffin yayi, masu warin kafur. Ranar rabon gado kowa ya leƙa ya ja baya. Wata ta ce, "A ba Hamida, ita ka ɗinki." Hamida ba ta so, amma kayan mamaci ba a cewa ba a so a gaban dangi. Ta ɗoro su a mota, ta tura su ɗakin, ta juye a kan nata cikin gajiya, ko bisimilla ba ta yi ba.

Bayan maraicen keken, al'amura suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Takan sami zanen da ta ninke a warware, da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka tuɓe. Wani lokaci bakinsa a jiƙe, yana warin laka da ɗanyen kifi. Ta kasa zama wuri ɗaya. Sai ta shiga ta fito, ta kwashe buhu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce gobe za ta rage, gobe ta yi ta ga babu wanda za ta iya rabuwa da shi.

Sannan abin ya koma kan Mubina. Yarinya ce mai surutu, 'yar shekara goma sha biyar, amma ta yi shiru. Da rana ta karkata sai ta shige ɗakin kaya ta ɗaura zane a kan zane, har ta yi nauyin da ba ta iya miƙewa, kuma duk zafin garin goshinta a bushe. Ta daina cin abinci. Wuyanta ya rame. Ranar da Hamida ta kama hannunta za ta fito da ita, yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Sakar min hannu, ɗiyar ga. Ba ki ganin ina shiri?"

Washegari bayan la'asar Zulkifli ya zo da Malam Izzuddeen daga Nasarawa, dattijo mai ƙaramin jiki da ƙarancin magana. Ya leƙa ɗakin, ya dubi tulin kayan har rufi, ya dubi Hamida, kuma kallon ya fi mata faɗa ciwo. Ya zauna a bakin ƙofa ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Can Mubina ta fara juyi a cikin zannuwanta, ta toshe kunne, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Daga ina?"

"Sunana ba naka ba ne. Daga bakin gulbi nike. Laure ta san ni."

"Ita tak kira ki?"

Dariya ta fito daga bakin yarinyar, busasshiya. "Laure ba ta kiran kowa. Saye takai ta ɓoye, ta ce sai ranar biki. Biki ya zo ta ce sai wani bikin. Ni kau in sanya. Zanen da bai sha gumin ɗan'adam ba, nawa ne. Adakarta ta matse ni shekara da shekaru. Da anka kawo ni nan, na ce ashe akwai wadda ta hi Laure."

Hamida ta ji kunya ta rufe ta a tsakiyar tsoronta.

"Mi ya haɗa ki da yarinya?" in ji malam.

"Tufa na son jiki. Na gaji da sanya su a duhu ba mai gani."

"Za ki hita."

"In hita, a bar min ɗakin. A riƙa yi min turare ranar Alhamis."

"Ko tsinken turare ba za a ƙona miki ba." Ya ci gaba da karatu. Mubina ta sandare, ta yi ƙara har karnukan unguwa suka amsa.

"Tsaya! To a bar min adaka guda."

"Babu."

Malam ya koma kan karatunsa. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, kamar mai ciniki da ta ga kasuwa na watsewa. "In ba inda zan raɓa, zan koma gulbi. Amma in rana ta faɗi gobe da sauran sabon zane a ninke gidan ga, ni da ɗiyar mun zauna ke nan."

Malam ya juyo ga Hamida. "Irinsu ƙarya ce abincinsu, kuma ba don ta faɗa za ki yi ba. Amma kaya ga su, masu bukata ga su. Ki fitar, sadaka ce, ladar ta kai ga goggonki. Gobe zan dawo."

Tun da asuba Hamida ta fara jan buhuna zuwa ƙofar gida. Ta gaya wa kowa gaskiyar abin da ya faru, ta ce a yi bisimilla a ɗaura, kada a ajiye. Wasu suka juya. Maƙwabciyarta Maman Tolu ta ɗauki turmi ta yafa a kafaɗa ta ce, "Ni da ke suyar ƙosai? In aljana na son warin mai, ta biyo ni." Mata suka yi dariya, suka matso. Ƙyallayen kuma masu cusa matashin kai suka kwashe. Duk buhun da ya fita sai Hamida ta ji kamar haƙori aka cire mata, amma hannunta bai tsaya ba. Kafin la'asar taga ta buɗu, haske ya faɗo a kan siminti.

Malam ya dawo rana na ja. Mubina na zaune a tsakiyar ɗakin da ba komai sai keke, da tsohuwar rigarta ta makaranta. Ya yi karatu. Yarinyar ta ɗago a hankali, ta yi murmushin da ba nata ba.

"Saura guda."

Zulkifli ya dubi matarsa. Hamida ta sunkuyar da kai. A ƙarƙashin katifarta akwai turmin atamfa shuɗiya da mahaifiyarta ta saya mata a shekarar da ta rasu. Ba ta taɓa warware shi ba. A ranta ba ta lissafa shi cikin kaya, don haka ta ce wa kanta bai shiga maganar ba.

"Shi na hi so," in ji muryar. "Bar min shi, Hamida. Ke ma ba sanyawa za ki yi ba."

Rana ta taɓa kan katanga. Hamida ta shiga ɗakinta da gudu, ta fizgo turmin, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta sa haƙori ta yage shi ba tare da neman almakashi ba. Ta ɗaura shi haka nan ba kalmasa, takardar kamfani na manne a gefe. Ta jawo turmin daka, ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya. Ta yi ta daka tana kuka, malam na karatu a bayanta, har gumi ya gangaro mata ta baya ya jiƙa ƙugun zanen, shuɗin ya yi duhu.

Daga ɗakin kaya aka ji atishawa mai ƙarfi, aka sake ji, sai wata iska mai warin laka ta bi ta tagar da aka buɗe ta wuce. Ladan ya fara kira.

"Inna," in ji Mubina da muryarta, a gajiye. Ta jingina da ƙofa tana kallon uwarta, goshinta sharkaf da zufa. "Yunwa nike ji. Wanga zane hwa, yaushe kika saye shi?"

Hamida ta ajiye taɓarya, ta share fuska da bakin zanen.

"Kakarki tas saya," ta ce. "Zo ki riƙe min, in ɗora tukunya."