Tasin Rabin Kuɗi

"Ku fito! Na ce ku fito, ko sai na fasa kan tsohon nan?"

Wani ɗan fashi da ake kira Ƙugiya ne ke wannan haushin. Ya zura hannu ta taga ya ɗora bakin bindiga a kuncin wani dattijo. Tasin ta tsaya a bayan wasu manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda wata 'yar hanya ta ɓalle daga titin filin jirgi ta shige ciyawa. Rana tsaka ce, ko akuya babu a wurin.

'Yar dattijon, wata nas mai farin gilashi, ta rungume uban da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta ƙanƙame wata ƙaramar baƙar jaka.

"Don Allah ku ɗauki akwatunan, ku ɗauki waya, ku ɗauki komai. Wannan maganinsa ne. Aikin zuciya aka yi masa, yanzu muka sauka."

Wanda suke kira Manaja ya juyo daga kujerar gaba, da kwat ɗinsa da katin bogi rataye a wuya. Shi ne uban tafiyar.

"Hajiya, duk wanda muka tare cewa yake magani ne. Kawo!"

Ya fizga — igiyar jakar ta tsinke! Ƙugiya ya finciko ƙofa, ya jawo tsohon ta wuyan riga ya yar a ƙasa. Nas ta faɗa kansa tana kiran "Baba! Baba!"

Sai a lokacin direban ya buɗe baki. Auta ake ce masa, ƙato ne mai gemu, amma har yau a gidansu shi ne ƙaramin.

"Kai baaba, a hankali da ƙofar nan mana! So kake ka ɓalle ta?"

Kun ji fa. An jefar da mutum mai ɗinki a ƙirji kan tsakuwa, shi kuma ƙofar mota ce ta dame shi. Allah wadaran hali irin wannan.

Dalili kuwa, motar ba tasa ba ce. Ta Yayansa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tasin filin jirgi tun Auta yana makaranta. Kamfanin haya ne ya ba shi ita yana biya kaɗan-kaɗan, saura ƙiris ta zama tasa. Da ita yake ciyar da gida, har da shi Autan. A makon nan ciwon baya ya kwantar da shi. Da safe ya miƙa wa ƙanen makulli yana daga shimfiɗa.

"Wanki kawai za ka kai ta, ka dawo mini da ita. Kar ka ɗauki ko kaza. Inshorar nan sunana kaɗai ke ciki. In wani abu ya same ta kana kai, kamfani karɓe abinsa zai yi, mu koma bara."

"Haba Yaya, kamar yau na fara."

An kai ta wankin, ba a yi ƙarya ba. A wurin wankin ne Manaja da Ƙugiya ke jira. Manaja ya shafa tambarin ƙungiyar direbobi da ke manne a gilashin gaba, ya yi murmushi.

"Wannan takardar ita ce harkar. Da ita mai gadi ba zai ko kalle mu ba. Fita ɗaya za mu yi, ka mayar wa Yayanka abarsa tana ƙamshi."

Haka kuwa aka yi. A zauren masu sauka, nas tana tsaye gaban teburin tasi, ranta a ɓace. Farashin da aka faɗa mata ya kusa kuɗin hayar ɗaki.

"A ce daga nan zuwa cikin gari? Jirgi zan sake hawa?"

Matar teburin tana cin cingam, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haka yake a rubuce. Akwati daban, jiran minti daban. In kina son mai sanyi, ki jira."

"Mara lafiya gare ni."

"To ki jira a zaune."

Nan Manaja ya ɓullo, murya kamar ta mai wa'azi. Ya ce motarsu ta kawo fasinja za ta koma wayam, rabin kuɗi ma ya isa, shi ma'aikacin kamfani ne za a rage masa hanya. Har da ɗaukar wa Baba sanda. Nas ba wawuya ba ce, ta duba gilashi ta ga tambari na gaskiya da lambarsa, sannan ta shiga. Ƙugiya kuwa tun tuni yana laɓe bayan ɗakunan ajiya. Abin da ya biyo baya kun riga kun gani.

"Ware! Ware mana!" Manaja ya daki kafaɗar Auta.

Ƙugiya ya faɗa baya. Mota ta juya, ta bule uba da 'ya da ƙura.

Nas ta ja mahaifinta zuwa inuwar bango. Numfashinsa ya koma sama-sama, leɓensa ya yi fari. Ta cire takalmanta ta ruga babban titi tana ɗaga hannu. Motoci suka yi ta wucewa, kowa ya kalle ta ya ƙara wuta. Sai wani mai motar burodi ne ya ji tsoron Allah ya tsaya. Da wayarsa ta kira 'yan sanda.

"Farar tasi ce ta filin jirgi, na riƙe lambar tambarin. Ku rubuta!"

A ofishin 'yan sandan hanyar, Sufeto yana tsakiyar cin abinci. Ya ture kwano, ya ɗauki oba-oba.

"Duk wanda ke kan titin filin jirgi ya buɗe ido. Farar tasi, maza uku, akwai ƙarfe a hannunsu. Saje, tada mota!"

"Oga, mai kaɗan ne a ciki."

"Ka tada ta ko da fitsarinka ne!"

Su Auta sun kusa babban shataletale. Ƙugiya yana baya yana farke akwati, yana jefar da rigunan tsoho ta taga. Manaja ya ɗora baƙar jakar a cinya, bai yarda kowa ya taɓa ba. A lissafinsa, abin da mace ta riƙe haka da ƙarfi ba zai wuce kuɗin waje ko gwal ba.

"Taka ta, Auta! Amarya ka ɗauko?"

"Akwai rami, Oga. Ƙafar gaba ba ta son rami."

Suka shiga shataletalen. Wata tankar ruwa ta kunno kai daga dama, ba hon ba sigina —

Ƙiiiiƙ! Gwaram!

Ƙarfen bayan tankar ya kama ƙofar baya, ya keta ta tun daga hannu har fitila. Motar ta yi girgiza amma ba ta mutu ba. Hanya a buɗe take a gaba. Taku ɗaya, da sun ɓace.

Auta ya ja birkin hannu. Ya ciro waya. Ya buɗe ƙofa ya fita.

"Ina za ka?" Manaja ya zaro ido. "Kai! Ina za ka?"

"Hoto zan ɗauka, Oga. Minti ɗaya."

"Hoton uwar me?"

"Lambar tankar! In ka bar wurin ba hoto, inshora ba ta biya. Da hoton sai Yaya ya ce shi ke tuƙi, mai tanka ya gyara. In na kai ta haka, kamfani zai karɓe!"

Abin da ya tashi yana ji ke nan a bakin Yaya: in an buge ka kar ka motsa, ɗauki hoto, ɗauki lamba. Duk tarbiyyar da bawan Allahn nan ya yi masa, ta sallah da ta gaskiya da ta tausayin mutane, ta bi ruwa. Wannan ɗaya ce ta zauna, ita ma ta tashi aiki a ranar fashi.

Mai tanka ya diro yana zage-zage. 'Yan kallo suka fara taruwa. Auta ya durƙusa yana gyara waya don lambar ta fito sosai.

"Malam, matsa, kana tare mini haske!"

Daga can gefe wani ɗan sandan hanya ya taho yana murmushi, don shi hatsari ranar kasuwarsa ce. Yana cikin tahowa oba-obarsa ta yi kuka. Ya saurara. Ya dubi farar tasi. Ya dubi tambari. Murmushin ya ɗauke.

"Su ne! Ɓarayi ne! Ku riƙe su!"

Manaja ya tsallaka zuwa kujerar direba. Auta ya ga motar ta motsa, ya yi tsalle ya kama ƙofa.

"Oga, kar ka tuƙa ta! Ba ka iya ba! Motar Yaya ce!"

"Cire mana shi!" in ji Manaja.

Ƙugiya bai yi wata-wata ba. Jiya tare suka ci abinci a kwano ɗaya.

Tau!

Auta ya faɗi riƙe da cinya, waya na hannunsa bai saki ba. Tasin ta yi gaba tana kukan giya, ga motar Sufeto ta danno da jiniya.

"Ƙara wuta, Oga! Suna bayanmu!"

"Ina giya ta uku a jakar motar nan?"

"Gada! Gada! Oga, ga —"

Ƙarar da aka ji ta sa masu shago suka sunkuya. Tasin ta rungumi ginshiƙin gada, gabanta ya shige ciki. Tururi ya tashi. Manaja ya rarrafo ta taga, jini a goshi, jaka a hammata. Ƙugiya yana matse tsakanin kujeru, ƙafafunsa sun karye.

"Oga, ja ni! Don girman Allah ja ni!"

Manaja ya miƙa hannu, Ƙugiya ya ɗauka taimako ne. Bindigar ya zare daga hannunsa, ya haura shinge, ya narke cikin 'yan kasuwar ƙarƙashin gada. Kafin a yanke ƙarfe a ciro Ƙugiya, rai ya yi halinsa. Da yamma aka tsinci baƙar jakar a cikin kwata, a farke, ƙwayoyin magani sun jiƙe sun zama kunu. Manaja har yau ana nema.

Lambar tambari kuwa gida ɗaya ta nuna. Yaya yana kwance matarsa na shafa masa man zafi, 'yan sanda suka banko ƙofa. A gaban 'ya'yansa aka ja shi, daga shi sai singileti, maƙwabta sun cika layi. Sai da aka kawo nas ta dube shi ta ce ba shi ba ne, sannan aka sake shi.

Washegari ya dogara sanda ya je harabar 'yan sanda. Ga motar nan a gefe, kamar gwangwanin da aka taka. Mutumin inshora yana zagaya ta da fes ɗin takalminsa, yana kaffa-kaffa kar baƙin mai ya taɓa shi.

"Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kai ke tuƙi?"

"Ba ni ba ne."

"Wanda ke tuƙin, sunansa na cikin inshora?"

"Babu."

"Sace maka ita aka yi? In sata ce, akwai magana."

Yaya ya dubi motar. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da motarsa, amma a kan ƙanensa za ta faɗa, kuma ƙarya ce.

"Da hannuna na ba shi makulli."

"To ka yi haƙuri. Ko sisi ba za mu biya ba. Kamfani kuma zai neme ka da cikon kuɗinsa."

Kafin azahar ƙungiyar direbobi ta aiko a karɓi katinsa. Mutanen da ya shekara ashirin yana layi da su, ko ɗaya bai iya zuwa da kansa ba, masinja suka turo.

Daga nan ya wuce asibiti. Auta yana kwance, ƙafa a naɗe, hannu ɗaya ɗaure da ankwa a jikin gado. Ɗakin na warin fitsari da maganin wanke ƙasa. Yana ganin Yaya ya yunƙura, har da fara'arsa.

"Yaya! Kar ka damu, na ɗauki hoton. Yana cikin wayata a wurin Sufeto. Lambar ta fito tar. Wallahi laifin mai tanka ne, shi ya shigo mini. Ni ban ko goge ta ba, Yaya, na kula da ita."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Shi ya goya wannan ƙaton, shi ya koya masa riƙe sitiyari.

"Tsohon da kuka yar a rana ya rasu da asuba," ya ce. "Shi ma ka ɗauki hotonsa?"

Auta ya sulale ya koma kwance.

Yaya ya juya. Ledar lemon da matarsa ta ba shi ya kawo, ya miƙa wa majinyacin gado na gaba. Ya fita yana dogara sanda, ya tsaya a bakin titi cikin rana yana ɗaga wa motocin haya hannu.